Daren da Bombino ya dawo da jita gida Agadas

Masu iya magana na cewa gani ya kori ji. Mun shafe shekaru muna sauraron kiɗan Omara Moctar, wanda duniya ta fi sani da Bombino, a cikin kasakasan da suka sha hannu har sautinsu ya dushe, amma ba mu taɓa ɗora ido a kansa ba sai a watan Janairun shekarar 2010, lokacin da shi da 'yan ƙungiyarsa suka yi wasa a fili, a gindin hasumiyar babban masallacin Agadas da ke arewacin Jamhuriyar Nijar. Abin da ya sa muka ga ya dace mu waiwayi wannan dare shi ne, matasan da ke zuwa koyon aiki a ɗan gidan rediyonmu na karkara a jihar Damagaram sun san Bombino ne kawai a matsayin tauraron da ke cika filaye a Turai da Amurka. Da yawansu ba su san cewa an yi wani zamani da mu kanmu muke ɓoye kaset ɗinsa a ƙasan akwati ba, kuma ba su san abin da ya sa dattawa suka zubar da hawaye a ranar da ya dawo gida ba.

Kiɗan marasa aikin yi

Kafin mu kai mai karatu filin wasan, yana da kyau mu ɗan koma baya domin a san inda wannan kiɗa ya samo asali. Fari biyu da aka yi a yankin Sahel, na farkon shekarun 1970 da na tsakiyar shekarun 1980, sun karkashe raƙuma da awaki da tumakin Abzinawa, abin da ya tilasta wa dubban matasa barin daji suka nufi Aljeriya da Libiya neman abin sakawa a bakin salati. Waɗannan matasa su ake kira ishumar, kalmar da aka aro daga Faransanci wadda ke nufin marasa aikin yi. A can ƙasashen mutane ne suka ɗauki jita, suka ɗora mata kiɗan tande na mata da salon waƙoƙin makiyaya, suna rera kewar gida da halin da al'ummarsu ta shiga.

Ƙungiyar Tinariwen ta Abzinawan Mali, wadda Ibrahim Ag Alhabib ya kafa, ita ce ta buɗe wannan hanya. A ɓangaren Nijar kuwa, marigayi Abdallah Oumbadougou na daga cikin waɗanda suka fara. Da tawaye ya ɓarke a farkon shekarun 1990, waɗannan waƙoƙi sun zama su ne jaridar mutanen da ba su da jarida, ana kwafar kaset daga hannu zuwa hannu, daga rijiya zuwa rijiya. Wannan ne ya sa hukumomi suka riƙa kallon jita a hannun matashin Ba'abzine da idon tuhuma, har ma riƙe kaset ɗin kansa kan iya jefa mutum cikin tsaka mai wuya a shingen bincike.

A cikin wannan yanayi aka reni Bombino. An haife shi a shekarar 1980 a Tidene, wani mazaunin makiyaya da ke yankin Agadas. Yana ɗan shekara goma rikici ya kori iyalinsu zuwa Aljeriya, kuma a zaman gudun hijira ne ya fara taɓa jita. Da ya dawo Agadas ya shiga hannun wani gwanin jita mai suna Haja Bebe, kuma saboda ƙanƙantarsa a cikin 'yan ƙungiyar aka laƙaba masa sunan Bombino, daga kalmar Italiyanci mai nufin ƙaramin yaro. Abin da ya bambanta shi da magabatansa shi ne yadda ya zauna ya nazarci hotunan bidiyo na Jimi Hendrix da Mark Knopfler, ya ɗauko zafin kiɗan da Turawa ke kira rok ya zuba a cikin na gida. Shi ya sa idan ya saki jitarsa mai aiki da lantarki sai ka ji tamkar raƙumi ne ya tashi daga tafiyar ƙasaita ya shiga sukuwa.

Shekarun da muka yi gum

Direbobin manyan motocin da ke zirga-zirga tsakanin Agadas da Damagaram ne suka fara kawo mana kiɗansa. Yawancinmu ba ma jin Tamajak sai ɗan abin da ba a rasa ba, amma abokin aikinmu mai gabatar da shirin harshen yakan zauna ya fassara mana: wannan kan zumunci take magana, waccan kan haƙuri, wata kan neman ilimi, wata kuma soyayya ce zalla. Cikin ɗan lokaci masu sauraro, Hausawa da Barebari da Fulani, suka fara aiko da takardu suna neman a sa musu "mai jitar nan na Agadas" a shirin gaishe-gaishe.

Ana nan sai ga tawaye na biyu. A watan Fabrairun 2007 'yan ƙungiyar MNJ suka kai hari Iferouane, suna cewa mutanen arewa ba sa ganin amfanin yuraniyom ɗin da ake haƙowa a ƙasarsu. A watan Agustan wannan shekara Shugaba Mamadou Tandja ya sanya jihar Agadas baki ɗaya cikin dokar shirin ko-ta-kwana, wadda ta ba jami'an tsaro ƙarin ikon kamu da tsarewa. Aka daina tafiya a manyan hanyoyin arewa sai cikin ayari da rakiyar soja. Nakiyoyin da aka binne suka riƙa tashi da motoci, ba a daji kaɗai ba, har a Maraɗi da Tawa, kai har da Yamai inda a watan Janairun 2008 nakiya ta kashe shugaban wani gidan rediyo mai zaman kansa. A wannan watan ne kuma 'yan tawayen suka shigo har Tanout, a nan jiharmu.

Mu 'yan jarida mun ga abin da ya sami Moussa Kaka, wakilin gidan rediyon Faransa, wanda aka kama a watan Satumbar 2007 bisa zargin hulɗa da 'yan tawaye, bai fito ba sai a watan Oktobar 2008. To idan haka ta faru da mai suna irin nasa, ina ga mu da muke aiki a ɗaki ɗaya da na'ura mai amfani da hasken rana? Babu wanda ya aiko mana da takardar hani, mu da kanmu muka zauna muka yanke shawarar janye duk wani kiɗan jita na Abzinawa daga shirye-shiryenmu. Idan takardar mai sauraro ta zo, sai mu karanta gaisuwar mu sa masa wani kiɗan daban. Har yau idan muka tuna wannan abu sai mun ji kunya, amma a lokacin kowa ta kansa yake yi.

Shi kuwa Bombino abin da ya same shi ya fi namu nesa ba kusa ba. An kashe biyu daga cikin abokan kiɗansa a wannan rikici, shi kuma ya tsallake zuwa Burkina Faso. A Wagadugu ne wani mai shirya fim Ba'amurke, Ron Wyman, wanda ya ji kaset ɗinsa a wata tafiya da ya yi a yankin Agadas, ya bi sawunsa har ya same shi a shekarar 2009. A wannan shekarar ce kuma, da shiga tsakanin ƙasar Libiya, ƙungiyoyin tawayen suka ajiye makamai, sannan a watan Nuwamba aka ɗage dokar da ta shafe fiye da shekara biyu a wuyan mutanen Agadas.

Hanyar Agadas

Da sabuwar shekara ta kama, sai muka shirya mu uku, da 'yar na'urar ɗaukar magana da batura, domin mu je mu jiyo wa masu sauraronmu yadda mutanen arewa ke ciki bayan lafawar ƙura. Daga Damagaram zuwa Agadas tafiyar kilomita kusan 450 ce, ta Tanout da Aderbissinat. Sanyin hunturu ya kankama, hazo ya rufe gabas da yamma, kuma duk lokacin da direba ya ɗan kauce daga kan sawun motocin da suka gabata sai ka ji motar ta yi tsit, kowa na salati a zuci, domin tsoron nakiya bai bar zukata ba.

Agadas ɗin da muka tarar ta sha wuya. Bayan yaƙi, ga ambaliyar da kwarin Telwa ya yi a farkon watan Satumbar 2009 wadda ta rusa dubban gidajen ƙasa, kuma har lokacin akwai iyalai a cikin bukkoki da tantuna. Masu yawon buɗe ido da a da suke sauka kai tsaye daga Turai a filin jirgin saman Mano Dayak a irin wannan lokaci na sanyi sun ɗauke ƙafa. Maƙeran azurfa suna zaune jugum a bakin rumfunansu da giciyen Agadas a baje ba mai taya wa, motocin shiga sahara suna jingine a kan duwatsu ba tayu.

Baƙunta ba ta dame mu ba, domin Hausa ita ce harshen kasuwa da na titi a Agadas. Ga masu karatunmu na Najeriya, ya isa mu tuna musu cewa a cikin birnin Kano akwai unguwar Agadasawa, kuma baƙin rawanin nan mai ƙyalli da Abzinawa ke taƙama da shi daga marinar ƙasar Kano yake zuwa tun zamanin fatake. A wajen wani mai shayi kusa da kasuwa muka fara jin labarin. Yana zuba mana shayi ya ce: "Baƙi, kun zo a sa'a. Yaron nan Bombino ya dawo, kuma Sarki ya ba da izini a yi wasa a gaban masallaci."

Ɗaya daga cikinmu, wanda ya girme mu kuma almajiri ne na sosai, ya ajiye kofinsa. "Malam, kiɗa a gaban masallaci? Anya kuwa?" Mai shayin ya yi murmushi ya ce ai fadar Sarkin Abzin da masallacin maƙwabtan juna ne, filin da ke gabansu nan ne dandalin gari tun kaka da kakanni, kuma idan ana so kowa ya san an yi sulhu, ba a lungu za a yi shelar ba. Abokin namu bai gamsu ba, ya ce zai raka mu ne kawai saboda shi ke riƙe da batura.

A gindin hasumiya

Duk wanda ya taɓa zuwa Agadas ya san wannan hasumiya. Da jar ƙasa aka gina ta, tsawonta mita 27, faɗi a ƙasa tsini a sama, itatuwa sun fito ta kowane gefe tamkar ƙayar bushiya. An fara gina masallacin a wajajen shekarar 1515, aka sabunta shi a 1844. A ƙarƙashinta aka kafa lasifikoki, aka ja wayoyi, aka kunna fitilu. Ba wani dandamali na a-zo-a-gani ba ne, kayan kiɗan ma irin waɗanda ake yawo da su gidajen biki ne.

Jama'a suka yi ta kwararowa daga unguwanni har aka haura mutum dubu. Ga dattawa da manyan riguna da rawuna, ba ka ganin komai sai idanu. Ga mata da mayafai masu shuni sun yi sahu. Yara sun haye katangu, 'yan babura sun jera baburansu sun tsaya a kai. Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne yadda kowa ke waige-waige da farko, ana magana ƙasa-ƙasa, kamar mutanen da suka manta yadda ake taruwa. Shekara biyu da wani abu ke nan rabon garin da irin wannan cincirindo.

Da ya fito, mun yi mamaki. Mun zaci za mu ga wani ƙato mai cika ido, sai ga siririn saurayi mai kunya, da doguwar riga da rawani a wuya, kansa a sunkuye yana gyara wayoyin jita. Muryarsa ma siririya ce, ba ta da hayaniya. Ya fara a hankali, mai jita na biyu yana riƙe masa gindin kiɗan, mai ganga yana bi, jama'a suna tafi a kan ƙa'ida ɗaya. Idan ya rera baiti sai fili ya amsa masa, domin waƙoƙin da ba a sa su a rediyo ba ashe suna nan a cikin wayoyin salula, matasa suna tura wa juna a ɓoye duk tsawon shekarun nan.

Can sai kiɗa ya sauya. Ya matsa kusa da lasifika, ya ɗaga wuyan jitar sama, yatsunsa suka shiga gudu har ido ba ya iya binsu, ƙafafunsa na tafiya gaba da baya kamar mai taka garwashi. Sautin ya riƙa dukan katangar masallaci yana dawowa. Wata mata ta rangaɗa guɗa, sauran suka karɓa, sai fili ya rikice. Samari suka faɗa tsakiya bibbiyu suna rawa, hannuwan riguna na kaɗawa, ƙura ta tashi ta gauraya da hasken fitilu. Masu ƙoƙarin tsare layi suka yi iya yinsu suka gaji. Mun sha jin wannan kiɗa a kaset, amma kaset bai taɓa gaya mana cewa ana jin sa a ƙirji ba kafin kunne. Baƙin Turawa da na'urorin ɗaukar hoto suna ta kai da kawowa, daga baya muka san cewa Ron Wyman ne da mutanensa, kuma wannan wasa ya shiga cikin fim ɗin da ya yi kan Agadas da kiɗanta da tawayen.

Kusa da mu akwai wani dattijo da ya dogara a sanda, bai yi tafi ba, bai motsa ba, amma gefen rawaninsa ya jiƙe. Muka gaishe shi muka ce: "Baba, ko za ka ce wani abu ga masu sauraronmu?" Ya daɗe yana kallon na'urar, sannan ya ce: "'Ya'yana, ku kashe wannan abin tukuna." Da muka kashe, ya gaya mana cewa daga wani ƙauye na cikin duwatsun Abzin ya gudo, dabbobinsa sun ƙare, ɗansa guda ya shiga daji bai dawo ba, kuma ɗan ƙanensa soja ne. Ya ce shi bai iya rawa ba, bai ma damu da jita ba, ya zo ne kawai ya gani da idonsa ko da gaske ne mutum zai iya tsayawa a fili a Agadas ba wanda ya tambaye shi takarda. Ba mu ɗauki muryarsa ba, amma a duk abin da muka jiyo a wannan tafiya babu wanda ya zauna mana a rai kamar wannan.

Shi kuwa abokinmu mai riƙe da batura, da muka waiwaya sai muka same shi a inda muka bar shi, bai taka rawa ba, amma bai tafi ba. A hanyar komawa masauki ya ce har yanzu yana kan bakansa game da kiɗa kusa da ɗakin Allah, sai dai ya ga Ba'abzine da Bahaushe da Balarabe da Tubawa kafaɗa da kafaɗa, kuma wanda ya ga gawar da nakiya ta tarwatsa ba zai raina wannan ba.

Bayan an watse

Da muka koma gida, abin da muka fara yi shi ne fito da kasakasan nan daga ƙasan akwati. A shirin gaishe-gaishe na farko muka sa muryoyin da muka ɗauko da ɗan abin da na'urarmu ta iya kamawa na wasan, duk da ƙarar iska da guɗa. Muka kuma nemi gafarar masu sauraro kan takardunsu da muka yi shekara biyu muna yi wa kwana.

Wata guda bayan wannan dare, ranar 18 ga Fabrairun 2010, sojoji suka kifar da gwamnatin Tandja. Shi kuwa Bombino tauraronsa sai ƙara haske ya yi. A 2011 ya fitar da faifai mai suna Agadez, a 2013 ya fitar da Nomad wanda Dan Auerbach na ƙungiyar The Black Keys ya shirya masa a birnin Nashville na Amurka. Faifansa Deran na 2018 ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa sunansa cikin 'yan takarar lambar yabo ta Grammy. Wasu 'yan ƙasar irin su Mdou Moctar da Etran de L'Aïr da Les Filles de Illighadad su ma sun kai jitar Nijar manyan filayen duniya. A 2013 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin Agadas, har da masallacin da fadar, cikin wuraren tarihi na duniya, shekara guda bayan rasuwar Sarki Ibrahim Oumarou, wanda ya sa wa wasan albarka.

Amma ba za mu yaudari mai karatu mu ce daga wannan dare komai ya daidaita ba. A watan Satumbar 2010 aka sace ma'aikatan kamfanonin Faransa a Arlit, a watan Mayun 2013 kuma 'yan ƙunar baƙin wake suka kai hari barikin soja na Agadas da ma'adinar yuraniyom ta Arlit. Masu yawon buɗe ido ba su dawo yadda suke a da ba, matasa da yawa suka koma jigilar baƙin haure zuwa Libiya ko haƙar zinariya a Djado. Jita ba ta tono nakiya, ba ta kuma ba saurayi aikin yi.

Abin da muka koya a gindin hasumiyar nan shi ne, yarjejeniya a takarda ta manya ce, su ke sa hannu su ke ɗaukar hoto. Talaka kuwa yana gane an yi sulhu ne ranar da ya fita da iyalinsa ya tsaya cikin taro, ya ji waƙa da harshen uwarsa a bainar jama'a, ya koma gida lafiya ya kwanta. Wannan shi ne abin da mutanen Agadas suka samu a wannan dare, kuma shi muke yi wa garuruwanmu fata a duk inda a yau ake rufe ƙofa tun kafin magariba, a Nijar ne ko a Najeriya ko a Mali. Zaman lafiya dai, in ji Hausawa, ya fi zama ɗan sarki. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.